Tsohon biyolin ya tsage daga ƙarƙashin jaki: a liƙa ko a buɗe?

Assalamu alaikum, malamai masu gyaran kayan kiɗa. Akwai wani tsohon biyolin, gogen Turawa, a hannuna nan Sakkwato, tsawon jikinsa milimita 356. Takardar cikinsa ta ce Stradivarius, sunan shahararren mai ƙera biyolin na Italiya, amma ƙarƙashinta an buga Made in Germany, wato na masana'anta ne. Ban damu da wannan ba.

Matsalar tsaga ce a fuska, wato katakon samansa, kamar santimita 6, daidai inda ƙaramin sandan ciki yake tokare fuska da baya, bayan ƙafar jaki (itacen da tsirkiyoyi ke hawa kansa) ta ɓangaren siririyar tsirkiya. Na sassauta tsirkiyoyi huɗun, na kwantar da sandan, na zuba gam na fata mai ɗumi, na matse awa 24. Da na ɗaure tsirkiya sai ta sake buɗewa. Wani ya taɓa cusa farin gam na kafinta a ciki, ina zargin shi ke hana sabon kamawa.

Da me zan wanke tsohon gam ɗin ba tare da na ɓata banish, fentin ƙyallin jikinsa, ba? Dole sai na cire fuskar na sa faci daga ciki? Kuma da bushewar hunturun nan, in yi yanzu ko in jira damina?