Sun ce in kawo yarona a sa shi cikin bincike, don Allah ku ba ni shawara

Maman Khalifa, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema ga duk wanda yas san abin ga. Ɗana shekarunshi biyar, har yau ba ya haɗa magana, in yana son ruwa sai ya kamo hannuna ya ja ni har bakin randa ya aza hannun nawa bisa marfin, in maƙwabta sunka tada injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa yana kuwwa, kuma yana iya wuni yana jera marafan kwalba a tsakar gida, kada Allah ya sa ka taɓa guda. Ruƙiyya an yi, rubutu an sha, daga baya likita yac ce otizim ne, wato galahanga. To ranar da munka koma ganin likita wata ma'aikaciya ta ba ni takarda wai akwai masu bincike da ke neman iyayen irin yaran ga, za su yi mani tambayoyi, su kalli yaron yana wasa su ɗauki bidiyo, in mun yarda su ɗebi jini kaɗan, kuma za su ba da kuɗin kabu-kabu. Takardar duk Turanci ce. Maigida ya ce ba mai gwaji da ɗanshi, Inna uwarshi ta ce tonon asiri ne. Ni kuwa zuciyata na ce mani ƙila nan ne za a dace da magani. Akwai wanda ya taɓa shiga? Mi ake yi a ciki?

Abu Sadik, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki bi maganar maigidanki. Ko kun manta da Kano a 1996? Lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara kusan 200 ne a gwajin, 11 sunka rasu, wasu sunka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a sai 2009 sunka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan na cikin abin da ya sa mutanenmu sunka ƙi allurar shan inna a 2003. Ni dai da na ji jini da takardar Turanci, na gama.

Anti Nas, Gawon Nama:
Malam Abu Sadik abin da ka faɗi ya faru, ba mai musu, kuma irinshi ne ya sa yanzu akwai doka. Tun 2007 Najeriya na da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, akwai kwamiti na ƙasa, kuma manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da nasu kwamitin da sai ya amince kafin a taɓa kowa. Amma ka haɗa abu biyu wuri guda. Gwajin magani daban, binciken da za a yi tambaya a kalli yaro yana wasa daban, wanda aka kawo wa Maman Khalifa daga bayaninta ba a ba yaro komi ya sha.

Maman Khalifa ni nas ce kuma na taɓa aikin karanta wa mutane irin takardar ga, bari in fara da wadda ba za ki so ji ba. Bincike ba magani ba ne. Otizim ba shi da ƙwaya ko allura da ke raba yaro da shi, yanayin yadda ƙwaƙwalwa ta ginu ne tun farko, abin da ke taimako shi ne horon magana da koyar da yaro hidimar kanshi da haƙurin gida, kuma duk wanda ya ce maki ki sa hannu ɗanki zai warke to ki tattara zanenki ki fito. In kin shiga don magani za ki fito da ɓacin rai.

Haƙƙinki ne a karanta maki takardar da Hausa, a ba ki kwafi ki tafi da shi gida, ba dole ki sa hannu ranar ba. Ki tambayi lambar amincewar kwamiti da lambar wayar da za ki kai ƙara in wani abu ya faru, ya kamata suna jikin takardar. Ki tambayi bidiyon wa zai gani, ina za a aje shi, sai yaushe za a goge. Jinin kuma ki tambaya mi za a duba, nan za a duba ko waje za a kai shi, in an gama zubarwa za a yi ko ajewa, don yawanci in an ɗebi jini a binciken otizim ƙwayoyin gado ake dubawa, kin ga ke nan maganar ta shafi dangi ba yaron kaɗai ba. Kina iya yarda da tambayoyi ki ƙi jini. Kina iya fita ko da an yi nisa, kuma ba wanda ke da ikon hana ɗanki ganin likita don kin ƙi. Akwai ma dokar kare bayanan mutane ta 2023.

Ni dai ra'ayina in sun amsa waɗannan ba kwana-kwana, ki shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim, amma galibin binciken a Amurka da Turai anka yi shi, har takardun tambayoyin da ake tantance yara da su can anka tsara su don yaransu. Mu nan yaranmu na ɗaki a ɓoye ana cewa iskoki ne, in ba a ƙidaya su ba da wace hujja za a je a ce wa gwamnati a ƙaro masu horon magana, ko a buɗe musu aji?

Ummu Hanan, Arkilla:
Ni na shiga irin wannan, tawa mace ce, kuma da ƙyar anka gane nata don an fi ganin shi ga maza. Tambayoyin sun fi yadda nike zato tsawo, ki tafi da abincin da ya saba da abin wasanshi, in ba haka ba ba za ku zauna ba. Ba yarinyar kaɗai sunka tambaya ba, har ni, barcina nawa, wa ke kama mani, nawa munka kashe wajen masu magani, ko ina zuwa biki da suna. Wallahi da tac ce ko ina zuwa biki sai hawaye, don tun da yarinyar ta kwanta ƙasa tana birgima a wani buki mata na kallona ban sake fita ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayata sai wagga baƙuwa mai biro.

Abin dariya kuma, akwai tambayar wai in kina mata magana tana kallon ƙwayar idonki? Na ce baiwar Allah mu nan yaron da ya tsura wa babba ido ai rashin kunya ne, tsawa ake mishi, sauran ɗiyana lafiyayyu ma ba su yi. Sai ta rubuta a gefen takarda tac ce irin wannan suke son ji. Da na ce mata bambancin shi ne ko ƙannenta ba ta kallo, ko an kira sunanta ba ta waiwaye, nan ta gane.

Bidiyo na ƙi, don ina da 'yammata a gaba kuma kin san garin nan, magana ta fita sai a ce gidan wane akwai abu a jini, a ƙi neman aurensu. Ba su matsa ba. Abin da ya ɓata mani rai guda ne, sun ce za su kira mu su gaya muna abin da sunka gano, har yau shiru. Don haka ki sa su faɗi da bakinsu yadda sakamakon zai iso gare ki. Ribar da na samu ita ce matan da munka haɗu a benci muna jira, yanzu muna da guruf a WhatsApp, a nan na koyi yi mata katin hotuna tana nuna abin da take so.

Abu Sadik, Runjin Sambo:
To Anti Nas na ji, amma a kan jini ina nan a kan bakana. Kuma kada ta sa hannu a bayan idon mijinta, wannan fitina ce a gida.

Anti Nas, Gawon Nama:
Nan kam mun haɗu. Ku tafi tare Maman Khalifa, ya yi tambayoyinshi da kanshi, maza sun fi saukowa in an yi musu bayani ido da ido. Kuma ki lura da yaron, in ya ƙi shiga ɗakin yana kuka kada ki bari a danne shi don a cika takarda.

Maman Khalifa, Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa maigida duka har da ta Malam Abu Sadik, ya ce zai bi ni amma jini da bidiyo babu. Inna ba mu gaya mata ba tukuna. Ummu Hanan don Allah duba inbok, ina son shiga guruf ɗin, kuma katin hotunan nan da kanki kika yi ko saye ake yi?