A canja batir waya tana kunne: zai yiwu ko labari ne?

Mai Albasa Mile 12: Salamu alaikum jama'a, don Allah wanda ya san harkar waya ya taimaka min. Batirin wayata ya kumbura har murfin baya ya ƙi rufuwa sai da na ɗaure da kyauro, na sayo sabo tun jiya yana aljihuna amma tsoron sakawa nake. Ƙanina ne ya sa min PIN a sim sati biyu da suka wuce saboda ɓarayin nan masu fizge waya su kwashe kuɗin banki, to ya bi mota ya tafi gida ɗauko kaya kuma ƙauyenmu babu sabis, ni ko wlh na manta lambar. In ta mutu ta tashi PIN za ta tambaya, kuma layin nan shi ne na banki shi ne na kwastomomi. Sati biyu kenan ina lallaɓa ta da fawa bank kamar jinjiri. Akwai yadda za a canja ba tare da ta mutu ba?

Direba Apapa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai wannan ba wani abu ba ne. Jona ta a caja, ka bari ta nuna tana caji, sai ka zare tsohon ka danna sabon da sauri. Ba za ta mutu ba. Ni na sha yi, lokacin da muke kwana uku huɗu a layin shiga tashar jirgin ruwa batir biyu nake yawo da su, ina jona ta a cajar mota ina musanyawa

Injiniya Ikeja: Alhaji kar ka yi tukuna don Allah. Tsaya

Direba Apapa: To ga su nan sun zo, masu son a kawo musu aiki 😂

Injiniya Ikeja: Haba Yaya, canja batir nawa ne zan samu a ciki. Shekarata nawa a Computer Village ina buɗe waya, mafi yawan wayoyin nan masu buɗe baya kana zare batir suke ɗaukewa ko da caja na jiki. Cajar ba ita ke riƙe da wayar kai tsaye ba. Caja tana kawo bolt 5 ne, shi kuma batir yana tsakanin 3.7 zuwa 4.2 in ya cika, akwai wani ɗan ƙaramin sashe da muke kira ai si na caji a fanel ɗin cikin waya da ke karɓar wutar ya rage ta ya zuba wa batir, ita wayar daga layin batir take sha. Ka cire batir ka cire mata randa kenan, ka bar ta da bakin famfo

Direba Apapa: To famfon ba ruwa yake kawowa ba?

Injiniya Ikeja: Yana kawowa amma ba irin shan da waya ke yi ba. Waya ba a hankali take jan wuta ba, fizga take. In tana neman sabis ko kira ya shigo, musamman a 2G, tana iya fizgar kusan amp 2 a ɗan ƙiftawar ido, ta saki, ta sake fizga. Cajar ƙananan wayoyin nan amp 1 ce, wasu ma rabin haka, ga wayar cajar ta ɗari biyar da aka saya a gosulo. Batir shi ke cike wannan giɓin. Babu shi wuta ta faɗi ƙasa, waya ta ɗauke

Ɗalibi Yaba: Amma Injiniya ni laftof ɗina batirinta ya mutu tuntuni na cire shi gaba ɗaya, da caja kawai nake aiki kuma lafiya lau

Injiniya Ikeja: Laftof daban ƙanina. Cajarta bolt 19 ce ko kusa da haka, wat 45 ko 65, an gina ta ne don ta ɗauki nauyin injin duka har ta yi wa batir caji a kai. Ba a yi wa ƙaramar waya wannan tanadin ba

Hajiya Idi-Araba: Ni dai ban san bolt ban san amp ba, amma wayar yarinyar da ke taya ni sayar da abinci in ta faɗi ƙasa batir ya yi tsalle shikenan ta mutu, agogo ma sai an sake saitawa

Direba Apapa: Hajiya ai wannan ba ta jikin caja. Maganar caja muke. Ni fa ba labari aka ba ni ba, da hannuna na yi, sikirin bai ko yi ƙyafta ba. Sai dai ku ce ƙarya nake

Injiniya Ikeja: Ban ce ƙarya kake ba Yaya. Akwai wayoyin da ai si ɗinsu yana raba wuta biyu, hanya ɗaya ta tafi injin waya ɗaya ta tafi batir, irin waɗannan suna iya tsayawa na ɗan lokaci in ba a takura musu ba. Na taɓa gani a teburina. Amma ko a cikinsu da yawa suna mutuwa da gangan. Ka duba bakin batirin, ƙarfe uku ne ko huɗu ba biyu ba. Ɗaya fulos ɗaya mainos, na tsakiyar nan shi ke gaya wa waya zafin batir ko irin batirin da aka sa. Da zarar waya ta daina jin na tsakiyan sai ta ce babu batir ta kashe kanta, ko da wutar caja ta ishe ta. Taka ta yi dace, ta Alhaji ba mu sani ba, kuma shi gwaji ɗaya gare shi

Baba Alaba Rago: Yara kuna ta faɗa kan abin da da can ba ma tunaninsa. Zamanin Nokia 3310 da 1100 batir sai ya yi kwana huɗu biyar, in ya ƙare ka zare ka kai wa mai caji ya maƙala a cajar nan mai cizon batir, ka ari na maƙwabci ka sa. BL-5C ɗaya ya shiga waya ya shiga rediyo ya shiga tocila. Wa ya damu ta mutu, daƙiƙa nawa ne ta tashi

Ɗalibi Yaba: Baba lokacin babu kuɗi a cikin waya ai 😅

Baba Alaba Rago: Wannan kuma gaskiyarka ce ɗana

Mai Sito Ikorodu: Bari in sa baki. Abin da Direba yake faɗa akwai shi amma a na'urorin da aka ƙera don haka. A siton da nake aiki muna da na'urar sikanin kaya ta hannu kirar Zebra, Android ce a ciki kamar waya. In batir ya yi ƙasa kana danna maɓallin kunnawa ka zaɓi wajen canja batir, sikirin ya mutu, ka jira fitilar ta ba ka alama, sannan ka zare ka sa wani, ta farka daidai inda ka tsaya ba sai ta sake tashi daga farko ba. Akwai ɗan ma'ajin wuta a cikinta da ke riƙe memorin na ɗan lokaci. In ka tsaya hira ka daɗe ita ma mutuwa take

Direba Apapa: Yauwa! Kun ji ko. Ashe ana yi

Mai Sito Ikorodu: Ana yi a na'urar da kuɗinta ya sayi irin wayar Alhaji guda nawa. Kuma ka lura ita ma sai ta yi barci tukuna, ba wai tana cikin aiki ake fizgewa ba

Ɗalibi Yaba: Haka Lenovo suka yi a wasu ThinkPad irin su T440, batir biyu ne ɗaya a ciki ɗaya a waje, ka cire na waje na ciki ya riƙe. Samsung ma suna da Galaxy Tab Active3 da ke aiki ba batir in an jona ta da wuta, don masu kafe ta a mota ko kanti. Duk wanda ka gani yana yi to da niyya aka gina shi, har talla suke da shi. Da kowace waya na yi ai ba za su yi talla ba

Hajiya Idi-Araba: Ni tambayata me ya sa ma suka daina yin masu cirewar? Yanzu waya a liƙe kamar gwangwanin madara, batir ya lalace sai ka kai a ɗumama a ɓamɓare

Injiniya Ikeja: Siranta da hana ruwa shiga suka ce Hajiya, da kuma bayan gilas. Galaxy S5 ta 2014 ana cire batirinta kuma duk da haka tana jure ruwa, da S6 ta fito 2015 sai suka liƙe. LG sun ɗan dage, G5 da V20 a 2016 duk ana cirewa, ita G5 ma ta ƙasa ake zaro shi kamar aljihun tebur, amma ita ma kana zarowa take mutuwa. Yanzu sai su Galaxy XCover da Fairphone da ƙananan wayoyin nan masu araha. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 kan batura da ke neman a riƙa yin na'urori yadda mai su zai iya canja batir, wannan ɓangaren zai fara aiki 2027. Amma a iya canjawa daban, a canja tana kunne daban

Direba Apapa: Duk wannan turanci ne. Wani ya gwada yanzu mu gani mana

Ɗalibi Yaba: Akwai tsohuwar wayar mamana a nan, ku ba ni minti biyu

Ɗalibi Yaba: To na jona a caja, ta nuna kashi 64, na sa farce na ɗaga batirin. Ɗif. Ko daƙiƙa ɗaya ba ta yi ba. Bayan nan sai ta riƙa kawo tambarin kamfani tana ɗaukewa tana kawowa har sai da na mayar

Direba Apapa: Cajarka ce ba ta da ƙarfi

Ɗalibi Yaba: Na sake da babbar caja ta amp 2, duk ɗaya Yaya

Direba Apapa: To wayar ce. Tawa dai ta yi

Mai Albasa Mile 12: Innalillahi. Injiniya to ku a shago ba ku da wata dabara? Na ga kuna kunna waya ba batir da wata na'ura mai wayoyi ja da baƙi

Injiniya Ikeja: Fawa saflai kenan Alhaji, muna saita ta wajen bolt 4 mu maƙala a ƙarafan da batir ke taɓawa. Amma sai batir ya fita ake samun wurin maƙalawa, shi ya danne ƙarafan. In za a yi tana kunne sai an kwance bayan wayar an nemo layin a fanel an jona kafin a zare, ga na tsakiyar nan da sai an yaudare shi, hannu ya ɗan goce ja ya taɓa baƙi fanel ya tafi. A kan kumburarren batir kuma? Ni ba zan yi ba ko nawa za ka ba ni. Kuma ka daina yi masa caji haka, iska ce ta taru a cikinsa shi ya sa ya kumbura, kar ka matsa shi kar ka huda shi da allura kamar yadda wasu ke yi, kar ka kwana da shi a ƙarƙashin filo. In ka cire ka ɗora shi a tebur ka juya za ka ga yana katantanwa, lafiyayye ba ya juyawa

Hajiya Idi-Araba: Wai a firiza ake sawa ya saɓe

Injiniya Ikeja: A'a Hajiya don Allah, raɓa ce kawai za ta shiga, lalacewar tana nan

Mai Sito Ikorodu: Ni ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki. Matsalar Alhaji ba batir ba ce PIN ne. Alhaji ina katin da ka ɓallo sim ɗin daga jikinsa ranar da ka saya? PUK na rubuce a jiki, lamba 8. In ka sa PIN ba daidai ba sau 3 zai nemi PUK, ka sa, ya ba ka damar zaɓar sabon PIN. Shi PUK ɗin ne ba a wasa da shi, in aka yi kuskure sau 10 sim ya mutu sai welkom bak

Mai Albasa Mile 12: Kati kuma? Layin nan ya fi shekara goma, katin ko a Legas na bar shi ko a gida Allah masani

Ɗalibi Yaba: To tun tana kunne ka kira 300, lambar kula da kwastoma ce ta duk layuka yanzu, ka ce PUK kake so. Za su yi maka tambayoyi su tabbatar kai ne mai layin, ka ajiye NIN ɗinka kusa. In sun ce sai ka je ofis ka je da wayar a kunne. Ka rubuta a takarda ba a cikin wayar ba don Allah 😂 Sannan ka kashe ta da hannunka yadda ya kamata, fizge batir tana cikin rubuta abu yana iya lalata memori kad ko ta maƙale a tambari sai an yi filashin

Baba Alaba Rago: Ka kwafe lambobin masu bin ka da waɗanda kake bi bashi a littafi tukuna Alhaji, musamman waɗanda kake bi

Mai Albasa Mile 12: Waɗannan ai a kaina suke Baba 😂 Bari in kira 300 ɗin yanzu kafin motar Sakkwato ta iso a fara sauke kaya

Direba Apapa: Ni dai ina nan kan bakana. Tsohuwar wayar tana cikin akwatin mota, ran Juma'a zan kawo ta Agege bayan masallaci a yi a gaban kowa. In ta mutu shayi da indomi da ƙwai biyu na Injiniya a kaina

Injiniya Ikeja: Na yarda, amma da sharaɗi. Sim a ciki, kuma kana zare batirin zan kira layin

Direba Apapa: Ba mu yi maganar kira ba fa

Injiniya Ikeja: Waya ce ko tocila?

Mai Albasa Mile 12: Jama'a na samu, sun ba ni PUK ɗin bayan sun tambaye ni har sunan mahaifiyata. Na rubuta a bayan rasit. Na kashe na sa sabon, na yi ta sa lambar banza sau 3 ya nemi PUK na sa, yanzu na zaɓi sabon PIN. Tsohon batirin kuma gsky yana juyawa a kan benci kamar yadda Injiniya ya ce, yaran kasuwa sun taru suna kallo. Ina zan kai shi?

Injiniya Ikeja: Karɓe shi daga hannun yaran. Ka liƙe bakin ƙarafan da salatif, ka sa a gwangwani nesa da rana da buhunan kaya, in za ka shigo Ikeja ka taho min da shi

Direba Apapa: Alhaji da ka gwada tawa dabarar kafin ka kashe ai, tunda PUK na hannunka, da yanzu an raba gardama

Mai Albasa Mile 12: Wlh sai da na rufe murfin na tuna