Waɗanda glibc 2.32 ta tsayar wa aiki kan sighold da 'yan uwansa, ku zo mu ji

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun 2020 da glibc 2.32 ta fito (glibc ita ce laburaren C da shirye-shirye ke dogara da ita a Linux) aka ce a daina amfani da tsofaffin umarnin sarrafa sigina, wato saƙonnin da tsarin aiki ke aika wa shiri: sighold, sigrelse, sigignore, sigset, sigpause da siginterrupt. Mu dai ba mu ji a jikinmu ba sai da muka tashi daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04, don tsohuwar tana kan glibc 2.31 ne. Da -Werror muke harhaɗa shirinmu, zaɓin da ke mayar da kowane gargaɗi kuskure, sai gargaɗin daina amfani da su ya zama kuskure, aiki ya tsaya cak. Wa ya taɓa shiga wannan, kuma yaya ya fita?

Maman Aisha: Wa alaikumus salam. Mu sys_siglist, jerin bayanan sigina, ce ta kama mu. Ita ko gargaɗi babu, sabon shiri ba ya ganinta kwata-kwata. Muka koma strsignal, magana ta ƙare.

Malam Bello: Ƙanena, ka kula da siginterrupt, nan ne hatsarin yake. Muna da shiri mai karanta bayanai daga wata na'ura, kuma SIGALRM, siginar cikar lokaci, ke katse read (kiran karanta bayanai) idan na'urar ta yi shiru. Wanda ya yi gyaran ya koma sigaction, daidai ne, amma ya saka SA_RESTART, tutar da ke sa kiran da aka katse ya sake farawa, saboda sabo. Alhali siginterrupt da 1 cire wannan tutar yake yi. Shirin ya harhaɗu lafiya, gwaji ya wuce, amma ranar da na'urar ta ɗauke, read bai dawo da EINTR, alamar an katse shi, ba, ya zauna yana jira har aka kashe shi da hannu. Kafin ka canja kowane layi, ka tambayi kanka me ake so ya faru da kiran da aka katse.

Ɗan Zariya: Na gode Malam. Wani abokin aiki ya ce mu sa -Wno-error=deprecated-declarations kawai, don gargaɗin ya daina zama kuskure, mu wuce.

Malam Bello: Don aiki ya tashi yau, ba laifi. Amma POSIX, ƙa'idar tsarin Unix, tun 2008 ta ce su sighold ɗin sun tsufa, bai kamata ku zauna a kansu ba.

Hajiya Rabi: Ƙari kaɗan. Idan shirinku mai zaruruwa da yawa ne, pthread_sigmask za ku sa a madadin sighold, ba sigprocmask ba. Ku kuma duba sigpause da kyau: iri biyu ne, daga rassan Unix biyu; na BSD jerin sigina yake karɓa, na System V lambar sigina ɗaya. A namu mun tarar da duka biyun a fayiloli daban-daban, sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya muka mayar sigsuspend.