Ta ina ake farawa idan ana so 'yan sanda su riƙa sauraron junansu?

Sajan_B:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Caji ofis ne mai ma'aikata kamar 70, yawancinsu suna sintiri a hanyar da 'yan bindiga ke kwanton ɓauna. Wasu barci ya ƙaurace musu, wasu sun koma tramol, wasu kullum rigima da iyali. Babu mai yarda ya ga likitan ƙwaƙwalwa, kada a ce ya taɓu. Idan za a zaɓi wasu cikinsu su riƙa sauraron 'yan'uwansu, yaya ake tsara abin?

Tsohon_ASP:
Wa alaikumus salam, Sajan. Wurin zaɓe ake fara ɓata abin. Kada DPO ya naɗa kowa. A raba takarda, kowa ya rubuta sunan mutum biyu da zai iya faɗa wa sirrinsa, ba tare da sa hannu ba. A ɗauki biyar ko shida, yadda kowane rukunin aiki, na rana da na dare, zai sami nasa, kuma a sa mace ko da ɗaya ce. A cire duk mai hannu a ladabtarwa ko rabon aiki. Kurtu ba zai ce wa sufeton da ke rubuta sunayen masu fita sintiri "Oga, tsoro nake ji" ba.

Kafin mutum ya buɗe baki, a faɗa masa iyakar sirrin: maganarsa ba za ta fita ba, sai idan zai cutar da kansa, ko zai cutar da wani, ko ya ambaci babban laifi. Idan aka ɓoye wannan sai daga baya ya ji maganarsa a ofishin DPO, shi ke nan, barikin gaba ɗaya ya rufe baki. Ba a rubuta suna a littafi. Ba a zama a ofishin oga; cikin mota ko benci bayan isha'i ya fi.

Nas_Hajara:
Yallaɓai ya yi daidai. Zan ƙara da lokaci. Tsarin TRiM, na abokan aiki masu duba wanda ya gamu da tashin hankali, wanda sojojin ruwan Birtaniya suka fara kuma 'yan sandansu da dama suka ɗauka, yana jiran awa 72 bayan hari ko wani tashin hankali ya faru kafin a zauna da mutum, sannan a sake zama bayan kusan wata ɗaya a ga ko ya samu sauƙi. Kwana ukun farko na abinci ne da barci da kiran gida.

Kada a tara mutane dole a ce kowa ya ba da labarin abin da ya gani. Wannan salon ya yaɗu daga Amurka bayan 1983, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayansa, domin ba ya hana ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Abin da ta koyar a 2011 uku ne: duba, saurara, haɗa shi da taimako. A 2013 kuma ta ce kada a ba da magungunan kwantar da hankali irin su diazepam don firgici a watan farko.

Idan wata ya cika yana mafarkin abin, yana zabura da ƙarar salansa, yana kauce wa hanyar, ko ƙwaya ta ƙaru, aikin abokin aiki ya ƙare. A raka shi asibitin ƙwaƙwalwa: Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Rakiyar ce ke sa ya je.

Sajan_B:
Na gode, Hajiya. To idan ya ce ya gaji da rayuwa, ga bindiga a hannunsa?

Nas_Hajara:
A tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya ce e, ba a barinsa shi kaɗai, bindiga ta koma ma'ajiyar makamai nan take, a kai shi asibiti a ranar. Wa'azin wuta a wannan lokacin yana sa shi yin shiru ne kawai. Nasihar liman ta zo daga baya, a tausashe.

Tsohon_ASP:
Karɓar bindigar a yi ta ba a gaban jama'a ba. DPO ya mayar da shi teburin karɓar ƙara ko aikin takardu kamar canjin aiki ne na yau da kullum. Su ma masu sauraron a haɗa su da nas ko likita sau ɗaya a wata, kuma duk wanda ke cikin motar da aka kai wa hari kada a ba shi sauraron abokan tafiyarsa.