Neman shawara: saura mako 14 in yi gudun kilomita 21, ga kasuwa ga iyali

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan.

Shekarata 41, ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Wata takwas da suka wuce aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya fara hawa. Ba a ɗora ni kan magani ba tukuna, an dai ce in rage gishiri, in rage tumbi, in riƙa motsa jiki. Na fara da tafiya, na koma sassarfa, yanzu ina yin kilomita 5 ban tsaya ba cikin minti 33, kuma na rage kilo shida. Daɗin abin ya sa na yi rajistar gudun fanfalaki na kilomita 21 da za a yi a Abuja a watan Fabrairu, kafin a ɗauki azumi. Yau saura mako 14.

Matsalata lokaci. Daga masallacin asuba sai shirin yara, ƙarfe bakwai da kwata na kai su makaranta, ƙarfe tara ina shago, kuma a tsaye nake wuni har gab da magariba. Ba na kwanciya kafin sha ɗaya na dare. Ina azumin Litinin da Alhamis, ba na son barinsa. Ga Disamba tana tafe, kowa ya san yadda Kwari take cika a kakar biki, ga bikin ƙanwata, ga tafiyar sarin kaya Legas ta kwana huɗu.

Makon jiya ban samu fita ba ko sau ɗaya, sai ranar Lahadi na ce bari in rama, na yi kilomita 12 a kan kwalta. Tun ranar ƙwaurina na hagu yake ciwo, musamman in zan sauka daga bene. Uwargida kuma ta fara magana, ta ce safiyar Lahadi kaɗai suke ganina, ita ma gudu ya ƙwace.

Shin mako 14 zai ishe ni? Sau nawa zan riƙa fita? Yaya zan yi da ranakun azumi? Ba neman kofi nake ba, so nake in kai ƙarshe da ƙafata, yarana su gani.

Tsohon Soja:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu a bariki kullum da asuba muke fita, ba Lahadi ba Litinin. Ciwon ƙwauri duk sabon shiga yana yin sa, a kan hanya yake warkewa. Ka riƙa fita kullum ko da kilomita 4 ne, jiki zai saba. Kada ka janye.

Anti Fisiyo:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta kada ya janye na yarda da ita, amma ta fita kullum ban yarda ba. Ku lokacin kuna 'yan shekara ashirin, kuma gudun shi ne aikinku. Shi yana da 41, yana wuni a tsaye yana ɗaga dila.

Alhaji, zuciya da huhu suna saba wa gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da agara suna ɗaukar watanni. Shi ya sa numfashinka ya kai ka kilomita 12, ƙafarka kuwa ta 5 ce har yanzu. Ka fi ninka abin da ta saba a rana ɗaya, dole ta yi ƙara.

Ka gwada wannan yau. Bi gefen ƙashin ƙwaurin ta ciki da yatsa kana dannawa. In ciwon a baje yake, tsawon tafin hannu ko fiye, galibi gajiyar nama ce da fatar ƙashi, hutun mako ɗaya zuwa biyu da ƙanƙara a tsumma na minti 15 suna kwantar da shi. In kuwa wuri ɗaya ne tak da za ka iya rufe shi da kan yatsa, ko yana maka zogi kana kwance, ko ka kasa yin ɗan tsalle a kan ƙafar ita kaɗai, to ka daina gudu ka je a duba, don yana iya zama ƙashin ne ya fara tsagewa. Wannan in aka yi masa taurin kai sai ya cinye wata biyu.

Abu biyu kuma saboda jininka. Ka koma wurin likitan da ya auna ka, ka faɗa masa ƙarara kilomita 21 za ka yi, ya sake dubawa. Sannan kada ka sha ibuprofen ko diclofenac don ka samu ka yi gudu. Suna ɓoye ciwon, suna iya ɗaga jini, kuma in suka haɗu da zufa da ƙishirwa suna wahalar da ƙoda. In kana gudu ka ji ƙirji ya ɗaure ko jiri, a nan take ka tsaya.

Ɗan Filato:

Yaya, na yi wannan gudun sau uku, na farko a gasar Kaduna ta 2020, kuma ni ma ma'aikaci ne mai iyali. Mako 14 ya ishe ka in ƙafar ta lafa. Amma ni a ganina ba lokaci ne ya yi maka kaɗan ba, sauri ne ya yi maka yawa.

Kilomita 5 a minti 33 kusan minti shida da rabi ke nan kowace kilomita, kuma na tabbata kana gamawa kana haki. In kowace fita sai ka ƙure kanka, jiki ba ya farfaɗowa kafin ta gaba, sai ka fara jin nauyin fita, sai mako ya wuce, sai ka zo ramuwa. Abin da ya same ka ke nan. Ka sauko zuwa minti bakwai da rabi ko takwas, gudun da za ka iya hira da na kusa da kai jimla guda ba ta yanke ba. Da farko za ka ji kamar wasa kake. Ba wasa ba ne. 'Yan Kenya da Habasha da suke cinye gasannin duniya, mafi yawan atisayensu a hankali suke yin sa, ranakun ƙure gudu kaɗan ne. Yaran Pankshin da na taso ina gani ma haka suke yi.

Sau uku a mako ya wadatar. Talata da Juma'a minti 35 zuwa 40 bayan asuba, ka dawo kafin shirin makaranta. Lahadi doguwar fita, ita ce ginshiƙin shirin. Wannan makon hutu ne, tafiya kawai. Daga mako na 2 Lahadinka ta zama kilomita 6, sai 7, sai 8, sai ka sauko 6. Daga nan 10, 11, 13, ka sake saukowa 9. Sai 14, 16, 18 a mako na 12. Mako na 13 ka tsaya a 10, na 14 kuma 'yar sassarfa sau biyu sai gasa. Saukowar nan da kake gani duk bayan mako uku ba asara ba ce, a cikinta jiki yake gina abin da ka wahalta masa. Kuma ba sai ka taɓa yin 21 a gida ba. Wanda ya yi 18 da sauran ƙarfi, hutun mako biyun ƙarshe da taron jama'a za su kai shi ukun da suka rage.

Ka lissafa: duk mako awa biyu da 'yan mintuna ne a farko, ba ya kai awa huɗu ko a mafi nauyinsa. In ka tafi a minti 8 kowace kilomita za ka gama a awa 2 da minti 49, in 7 ne awa 2 da minti 28. Ka tambayi masu shirya gasar awa nawa suke bari kafin su buɗe hanya, ka san inda ka tsaya.

Dokar da ta fi kowace: fitar da ta wuce ta wuce, ba a ramawa. Makon bikin ƙanwarka ka mai da shi makon saukowa. A Legas ka tafi da kambas ɗinka, minti 30 sau ɗaya ya isa, in bai samu ba ka bar shi. Kuma tafiya a tsakiyar gudu ba abin kunya ba ce. Gasata ta farko minti tara nake gudu, minti ɗaya tafiya, tun daga farawa, kuma na wuce mutane da yawa da suka tashi da wuta suka mutu a kilomita 15.

Abu na ƙarshe, Kano shimfiɗe take, Abuja kuwa hawa da sauka ce. Daga mako na 6 ka riƙa kai fitar Talata wajen Goron Dutse ko duk inda ka san akwai tudu, ka hau a hankali ka sauko da tafiya, sau huɗu ko biyar.

Abu Sumayya:

Ni dai shawarata ya koma na kilomita 10 bana, ya bar 21 sai baɗi. Mai hawan jini, ga ciwon ƙafa, ga Disamba. Ina gaggawar take?

Ɗan Filato:

Malam, maganarka tana kan hanya, amma ba yau za a yanke ba. Ya sa wa kansa ma'auni: in mako na 8 ya zo bai iya yin 13 lafiya ba, ko ƙwaurin ya dawo, sai ya sauka zuwa gajeren zango in gasar tana da shi, ba tare da jin komai ba.

Maman 'Yan Biyu:

Alhaji, kowa ya yi maganar ƙafa, bari ni in yi maganar gida, don maigidana ma yana gudun nan kuma na san abin da Hajiya take ji. Ba awa biyun da kake waje ne yake ɓata rai ba. Abin da yake ɓata rai shi ne ka dawo ka miƙe a falo har azahar, yara su zo ka ce a bar ka ka gaji. Ranar ta tafi ke nan gaba ɗaya.

Mu ga yadda muka daidaita. Daga masallaci yake wucewa, kayansa tun dare suna ajiye, takwas da rabi ya shigo da ƙosai a leda, mu karya tare. Bayan la'asar yaran nasa ne, ni in huta ko in je unguwa. Ya kuma rubuta mini makonnin a takarda na manna a kicin, na san ranar da abin zai yi tsawo da ranar da zai ƙare. Ka zauna da ita ka nuna mata Lahadi uku ce kacal za ka kai kusan awa biyu ko fiye. Ka tuna mata dalilin da ya sa ka fara, jinin nan in ya sauka ribarta ce ita ma. In da hali ka tafi da su Abuja, su tsaya maka a wurin gamawa.

Sannan barcinka ya yi kaɗan. Sha ɗaya zuwa biyar, ga tsayuwar shago, ga gudu, ba jikin da zai ɗauka. Daren Litinin, Alhamis da Asabar ka ajiye waya ka kwanta ƙarfe goma. In yaron shagonka amintacce ne, ka saci ƙailula ta minti 20 bayan azahar.

Malamin Islamiyya:

Game da azumi, tsarin Talata, Juma'a da Lahadi ya kauce wa ranakunka, ba sai ka bar komai ba. Inda za ka kula shi ne Litinin, tunda tana biyo bayan doguwar fita. Ranar Lahadi ka wuni kana shan ruwa kaɗan-kaɗan har fitsarinka ya yi haske, ka ci abinci sosai, kuma kada ka tsallake sahur. Daren Litinin da na Alhamis ma ka sha ruwa da kyau, don da safe za ka fita. In makonnin kilomita 16 da 18 suka zo ka ji jiki ya ƙi, azumin nafila ne, akwai sauƙi a cikinsa. Ni ina gudu ina azumin kuma ban taɓa haɗa su rana ɗaya ba.

Mai Kambas:

Takalmi fa, ranka ya daɗe. In na gwanjo za ka saya a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, kada kyan sama ya ruɗe ka, juya ƙasan ka duba. In dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, ko katifar ta yi tamoji ta daina dawowa in ka danna, mai shi ya riga ya gama da shi. Ka je gwaji da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin. Ka saya yanzu, ba makon gasa ba. Safa ta auduga tana riƙe zufa ta jawo bororo, nemi ta roba-roba ta 'yan ƙwallo. Ka shafa basilin a matsematsi da hammata da kan nono duk ranar da za ka haura kilomita 10.

Kuma lokacin hunturu ne, bayan asuba da sauran duhu ga hazo. Sa riga mai haske, ka bi hannun hagu kana fuskantar motoci, don 'yan adaidaita ba sa ganin mutum. In kana kusa da Filin Sukuwa ko wata hanyar burji, ta fi wa ƙwaurinka sauƙi a kan kwalta. Ranar da ƙura ta yi kauri har ba ka hango ƙarshen layinku, ka ɗage fitar zuwa gobe.

Baban Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na danna kamar yadda kika ce, ciwon a baje yake kuma na yi tsallen ba zogi, amma duk da haka Laraba zan je a sake auna jinin. Hajiya, na nuna wa uwargida saƙonki, ta ce a rubuto mata takardar. Saura abu ɗaya: me zan ci kafin doguwar fita, kuma ruwa fa a hanya?

Ɗan Filato:

Daren Asabar ka ci abin da ka saba, tuwo, shinkafa ko taliya, ka rage yaji da mai. Da ka tashi, kafin masallaci, ayaba ɗaya ko dabino uku da kofin ruwa. Koko da ƙosai da fura sai ka dawo. Duk fitar da ba ta kai awa ɗaya ba a sanyin nan ba ta buƙatar komai. In za ta haura, zuba dabino biyar da ka cire wa ƙwallo a aljihu, ka fara ci bayan minti 45, sai guda ɗaya duk minti 20, don makamashin da jiki ya tara yana fara ja baya wajen awa ɗaya da rabi. Ruwan leda ɗaya a awa ya isa a hunturu, kurɓa kaɗan-kaɗan, kada ka ɗura wa cikinka fiye da ƙishirwarka. Ka tsara hanyar ta biyo ta gaban mai shayin da yake buɗewa da wuri, sai ka riƙe canji kawai. Abin da cikinka ya karɓa a ranar kilomita 16 da ranar kilomita 18, shi za ka ci a Abuja, ba sabon abu ko da kyauta aka miƙo maka.

Lahadin sama in ƙafar ta lafa, ka same mu ƙofar Filin Sukuwa ƙarfe shida da kwata. Mu huɗu ne, akwai wanda yake tafiya a minti takwas, zan haɗa ku.