Neman kalma: sandar cikin fiffiken jirgin rimot

Binta: Salamu alaikum. Ina fassara darasin bidiyo kan gyaran fiffiken ƙaramin jirgin sama mai batir, irin wanda ake tuƙawa da rimot, gobe da safe zan miƙa. Kalmomi biyu sun tsaya mini, spar da aileron. Ta farko sanda ce da ta ratsa fiffike daga gindinsa zuwa ƙarshensa. A darasin fiffiken na soso ne, ya karye, sai aka tsaga jikinsa, aka kwantar da sandar kabon, aka liƙe da ifoksi. Ta biyu ɗan falle ne a bayan fiffike, yana ɗagawa yana sauka.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ta farko ginshiƙi.

Injiniya Sale: Malam, ginshiƙi a tsaye yake, nauyi daga sama yake danne shi. Wannan a kwance take, aikinta ta hana fiffike lanƙwashewa idan iska ta ɗaga shi. Azara ce. A jirgin katakon balsa ma a kanta ake jera haƙarƙarin da ke ba fiffike siffarsa, sannan a rufe da leda a goge da dutsen guga ta ɗame.

Hadiza: Azarar fiffike ta zauna. Ƙashin baya na so in ce, amma mai kallo zai ɗauka tsakiyar jirgin ake nufi.

Malam Tanimu: Ta biyun makarkaci. Daga karkata, kamar yadda buɗe ya ba mu mabuɗi. Na dama ya ɗaga, na hagu ya sauka, jirgi ya karkata dama. Na daɗe da ƙirƙirar kalmar, ba a kula ba ne kawai. Sai kuma wannan ifoksi da kabon, ina ce muna da danƙo da gawayi?

Injiniya Sale: Allah gafarta Malam, kada a ce danƙo. Ifoksi ruwa biyu ne ake haɗawa, akwai mai kamawa cikin minti 5, akwai mai minti 30, na 30 ya fi ba da lokacin daidaita karayar. Idan aka ce danƙo wani zai ɗauko sufa gulu, alhali akwai soson da take narkarwa nan take. Gawayi kuwa, wa zai sa gawayi a fiffike?

Malam Tanimu: Haka kuke cewa kullum. Turawan ma aileron ɗin daga Faransanci suka aro, ma'anarsa ɗan fiffike. Mu da muke da hanyar gina tamu, aron me ya kama mu a kan jirgin wasan yara?

Auwal: Jirgin wasan yara? Ranka ya daɗe, farfelar nan tana yanka yatsa. Shi ya sa ake cire batir da farfela kafin a taɓa gyara. Kuma ifoksi ya yi yawa a fiffike ɗaya, jirgin zai riƙa rinjaya can, sai ka daidaita nauyin gefe da gefe.

Hadiza: Auwal, ba kai aka zaga ba. Malam, matsalar makarkaci ita ce jam'i, biyu ne a jirgi. Makarkata? Sai ka ji kamar wurin karkata, ko mutanen da suka kauce hanya.

Malam Tanimu: Makaranta ma ta rikita wani?

Malam Habu: Makaranta ai ta tsufa a baki. Taka yau muka ji ta.

Binta: Na gode ƙwarai. Na ɗauki azarar fiffike da haƙarƙari, ifoksi da kabon suna nan yadda suke. Ta biyun zan rubuta fallen karkata, don ya shiga layin bidiyo kuma mai kallo yana ganin abin yana motsi.

Malam Tanimu: Fallen karkata bayani ne, ba suna ba. Amma tunda gobe ne, je ki. Ki sa makarkaci ko sau ɗaya a farkon darasin.

Binta: In layi ya ɗauka, Malam. Soson ma fa? Ba irin na katifa ba ne, mai tauri ne.

Injiniya Sale: Bar shi soso mai tauri, ki gama aikinki.