Masu Faransanci a taimaka, in biya kuɗin lesin ko in haƙura?

Ɗan Jibiya: Salam jama'a. Zan zana jarrabawar Faransanci ta DELF A2 nan da wata biyu kuma korewa ce ke kayar da ni, littafi ya ce ne...pas amma abokaina na Maraɗi "je sais pas" kawai suke cewa babu ne ɗin. Wani malami ya ce dubu 25 a wata. In biya ne?

Maman Ilham: Sauke Duolingo ɗana, kyauta ne.

Tsohon Tica: Ai kamar ba...ba ɗinmu ne, aikatau a tsakiya, je ne mange pas. A hira ana jefar da ne, a rubutun jarrabawa kuwa kar ka kuskura. Abin da ya wuce kuma je n'ai pas mangé, amma personne (wato kowa) ƙarshe yake zuwa, je n'ai vu personne.

Alhajin Kwari: Wannan jefar da ne ɗin shi ya cinye min jari wlh. Kwastomata ta Kwatano ta turo min "j'en veux plus" a WhatsApp, yarona ya ce ai ƙari take so, na ɗaure dila biyu na shadda na biya mota na biya lodi, kaya suka isa matar ta ce ita cewa ta yi ba ta ƙara so, a baki in an furta s ɗin plus ƙari ne in ba a furta ba an daina, to a rubuce ta ina zan ji s? Har yau rabin kayan na can.

Baban Zee: Alhaji yaron yana raye dai ko 😂

Alhajin Kwari: Ɗan yayata ne, ya zan yi da shi.

'Yar Damagaram: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Dubu 25 kam tsada, nan jika biyar ƙanena ke biya.

Sadauki: Ni dubu 40 na biya a Kano kuma har muka gama bai gaya min un da des suna komawa de a korewa ba, sai da aka yi min dariya kan "pas une voiture", ashe je n'ai pas de voiture ne.

Tsohon Tica: Banda bayan être, ce n'est pas un problème.

'Yar Damagaram: Malam da girmanka, mu da muka yi lakwal da Faransanci tun aji ɗaya ya kamata a tambaya.

Tsohon Tica: Ku ɗin ne ai kuka koya masa zubar da ne, 'yata.

Baban Zee: Tun 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, kai kuma yanzu ka taso.

Sadauki: Ni korewar da ta fi ƙona min rai "y a pas monnaie". Ka ba mai taksi jika ya ce babu canji, ɗari biyunka ta tafi kenan.

'Yar Damagaram: Ku fa da ake ba mutum alawa a madadin canji?

Ɗan Jibiya: Jama'a lesin ɗin fa?